Marfin Zuciyar Kawu

4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aiki. Mu nan lafiya lau in aka cire ni. Innarki na gaishe ki. Gwiwarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa yana nan yadda kika bar shi.

Kin san ni da waya. Da na ji muryarki sai in ce lafiya, ke ma ki ce lafiya, mu ajiye, kowa ya yi wa ɗan'uwansa ƙarya. Shi ya sa na ɗauko biro.

Kwanana shida a asibiti. Kin tuna maganin da aka ɗora ni a kai bara, na hana jini daskarewa, saboda bugun zuciyar nan tawa da ke tuntuɓe? Tun farko ba mu shirya da shi ba. Allura ta ɗan soke ni a shago sai in ɓata wa tela yadi. To, ranar Talatar waccan ina ɗaura kan keken ɗinkin wata mata sai jiri ya kwashe ni. Maƙwabcina mai gyaran takalmi ne ya tare ni kafin in kai ƙasa. Ashe jini ke zuba a cikina tun kwanaki ban sani ba. Leda uku suka ƙara mini.

Likitar sa'arki ce, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, "Baba, in ka ci gaba da sha, jinin zai iya sake ɓallewa. In ka bari, jini zai iya yin guda a zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya toshe hanya, ɓarin jiki ya shanye." Na ce, "To likita, wanne kika zaɓa mini a ciki?" Ba ta yi dariya ba. Ta rage maganin, ta ce mu lallaɓa a haka.

Sannan ta ce akwai wani marfi da ake sa wa masu irin ciwona, a toshe wani ɗan aljihu a gefen zuciya inda gudan ke taruwa. Suka zura mini abu ta maƙogwaro suka ɗauki hoto. Sai ga shi bakin aljihun nawa ya fi duk marfin da ake da shi faɗi, kuma ba shi da zurfi. Innarki ta ce dama komai nawa sai ya fita daban.

A hanyar gida na tuna: ba wannan ne aikinki ba? Shekara huɗu kina ce mana "na'urar zuciya", muna gyaɗa kai kamar mun gane. Yanzu ki yi mini bayani irin na mai gyara da mai gyara. Da me ake yin sa, me ke riƙe shi, kuma akwai babba? Ga takardar awon na haɗo miki.

Kawunki


20 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ina fushi: sau biyu muka yi waya kana kwance a asibiti, tana ce mini ka fita. Ni lafiyata ƙalau, sai wata mura da ta ƙi sakina.

A wurin aiki na buɗe wasiƙarka, sai da na je na wanke fuska kafin in iya duba takardar awon. Milimita talatin da takwas. Kawu, shekara biyu ke nan ina kwana ina tashi da irin wannan lambar. Aikin da aka ba rukuninmu ke nan, marfi don masu aljihu mai faɗin baki marar zurfi, waɗanda ake sallama a ce babu nasu.

Ga bayanin. Ka ɗauka 'yar lema ce da faɗinta bai wuce murfin ƙaramar kwalba ba. Da wata siririyar waya ake saƙa ta, waya mai tuna siffarta: ka matse ta yadda ka ga dama, da ta ji ɗumin jiki sai ta koma yadda aka gasa ta. A samanta akwai ƙyalle mai laushi. Ana naɗe ta a cusa cikin bututun roba da bai kai fensir kauri ba, a zura ta jijiyar cinya har zuciya, a turo ta a bakin aljihun, ta buɗe. Ba a tsaga ƙirji. Abin da ke riƙe ta ƙugiyoyi ne goma sha biyu a kewaye, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Su ne rabona a aikin, ni na zana su. Tunda aljihu irin naka ba zurfi, lemar ba ta da wurin jingina, duk nauyin a kansu yake. Cikin 'yan watanni nama kan tsiro ya lulluɓe ƙyallen, jini ya daina shiga, mutum ya rabu da maganin nan.

Ya wuce gwaji uku. Saura na ƙarshe, wanda muka kunna shekaranjiya. A wani ɗaki marar taga mun jera guda talatin cikin ruwan gishiri mai ɗumi, inji na matsa su yana saki sau hamsin a daƙiƙa ɗaya. Ƙararsa kamar ta tsohon firij. Wata uku a haka daidai yake da bugun shekara goma. In sun fita lafiya za a fara sa wa mutane kafin shekara ta ƙare.

An kusa, Kawu. Ka riƙe mini kanka kaɗan.

'Yarka


11 ga Maris

Injiniya,

Gaisuwa, da fatan murar ta sake ki. Ni dai na koma shago, rabin yini nake yi. Innarki ta ce ba ƙarya ta yi miki ba, ai na fita, ba ki dai tambayi ina na tafi ba.

Takardarki har mai takalmi ya haddace ta. Jiya wani tela ya zo karɓar kekensa yana ɗaga murya wai na daɗe masa da aiki, sai mai takalmi ya leƙo ya ce, "Kai, bi a hankali da mutumin nan, lema za a sa masa a zuciya." Na samu wata tsohuwar lema na kwance, na lanƙwasa wayoyinta na yi irin abin da kika faɗa. Ba kyan gani, amma na gane aikin.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Shekara arba'in ina canja 'yar wayar nan da ke jan zare a jikin keke, ban taɓa ganin ta karye a miƙe ba. Kullum a gwiwar lanƙwasa take karyewa, kuma ba ta sallama. Ƙugiyoyin naki, yaya kika yi da gwiwarsu? Na san kun fi ni sani, kuna da injuna. Tambayar tsoho ce.

Na ƙirga a kalanda, wata ukunku zai cika wajen ashirin ga Mayu. Na zagaye ranar da jan biro. Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, da tana raye da ta cika unguwa da labari. Ni ma dai ban bar kowa ba.

Kawunki


8 ga Yuni

'Yata,

Ina gaishe ki, ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. An doshi wata huɗu ba takarda. Innarki ta ce kina kira, amma kullum da hantsi, lokacin da kin san ina shago. Ban ɗauke shi da wata manufa ba. Ni ma in na kusa gama aiki mai wuya ba na son a yi mini magana. Na ce da ita, "Ƙyale yarinya, shirin fara sa wa mutane suke yi."

Jiki da sauƙi. Amma zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba, ki bar shi tsakaninmu. Farkon Mayu jinin ya sake nuna kai. Dasashi ya fara, sai hanci, sai na ga bayan gida ya yi baƙi irin na wancan karon. Na tuna gadon nan, da ledar jini a rataye, da Innarki kan kujerar roba kwana shida ƙafarta a kumbure, sai na ji ba zan iya ba. Ranar da na zagaye a kalanda na ajiye maganin. Kullum da safe sai in ɓalli ƙwaya ɗaya in tafi da ita shago, in jefa a gwangwanin tsofaffin allurai, don kada ta ga kwalin bai ragu ba. Ban koma wurin likita ba, na san faɗa za ta yi.

Tun da na bari jinin ya tsaya, ƙarfina ya dawo, jiya ma keke uku na gama. Tunanina shi ne, wanda ya yi shekara sittin da takwas da aljihun nan a buɗe ai zai iya ƙara wata shida. Ke kika ce an kusa.

Ki rubuto mini yadda za a yi. Ni zan zo ne, ko nan za a kawo? In ni zan zo, sai in fara neman takardun tafiya.

Kawunki


19 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Na san ranka ya ɓaci da na kira ta jiya na tona maka asiri. Ka yi haƙuri. Da za a maimaita, haka zan sake yi. Ka ƙi karɓar wayar, to ga shi a rubuce: don girman Allah ka koma asibiti, ka gaya wa likita komai, kada ka ƙara sha ko bari da ra'ayin kanka.

Yanzu ga abin da ya kamata in rubuto tun watan Afrilu.

Kwana arba'in da shida da kunna injin, na shiga ɗakin da safe ina duba su ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma, kamar kullum. A ƙarƙashin ta goma sha bakwai na ga wani ɗan abu yana walƙiya a ƙasan ruwan. Ƙugiya ce. Bayan kwana tara wata ta karye a jikin ta huɗu. A gwiwa, Kawu. Dukansu a gwiwa.

Aka kira taro. Shugaban sashenmu ba mugun mutum ba ne, shi ma shekara biyar ya zuba a aikin nan. Ya ce, "Biyu cikin ɗari uku da sittin. Kin tabbata ba injin ne ya matsa fiye da ƙima ba? In laifin inji ne, waɗannan biyun kawai za mu maimaita." Na ce a ba ni kwana uku. Na auna injin ta kowace fuska, ina roƙon Allah ya sa shi ne. Lafiyarsa ƙalau. Na zauna da rahoton a gabana ina tunaninka, sai kuma in hango ƙugiyar nan tana yawo a jinin kawun wani. Na rubuta cewa laifin zanena ne, na sa hannu. Da na miƙa masa ya karanta a tsaye, ya ce, "Kin san abin da wannan ke nufi?" Na ce na sani.

In na ƙara wa wayar kauri, ba ta shiga bututun. In na sassauta gwiwar, ba ta kama nama. Zane na shida nake kai yanzu. Ko yau na dace, sai an koma gwajin farko. Shekara biyu, in an yi sa'a.

Akwai kuma abin da na sani tun ranar da na rubuta "an kusa" ban faɗa ba. Mutanen farko da za a sa wa, a asibitoci uku na nan za a zaɓe su. Ba a ɗaukar dangin ma'aikata, kuma wanda cikinsa ya zubar da jini kwanan nan da wuya ya shiga. Na ce a raina zan san yadda zan yi in lokacin ya zo. Ban san yadda zan yi ba. So na yi in ba ka abin da za ka riƙe, ban kawo za ka saki wancan ba. Ko layi ɗaya ban rubuta na ce kada ka bar magani ba.

Da hantsi nake kira don ba zan iya jin muryarka ba.

Ka yafe mini.

'Yarka


16 ga Yuli

'Yar nan,

Ni ce Innarki. Ina gaishe ki, ya aiki? Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da riƙe biro haka tun da na bar koyarwa. A waya na ce miki ya faɗi, yana asibiti, ban iya ƙarawa ba. Kin yi ta tambayar yadda aka yi, ga shi.

Ranar da kika kira kika tona masa asiri na same shi a shago, na zazzage gwangwanin alluran a gabansa. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, har teloli suka taru. Washegari na tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitarsa tana hutu. Wanda muka samu ya ce ba zai mai da shi kan magani ba sai an leƙa cikin an ga inda ke zubar da jini, aka ce mu dawo bayan kwana tara. A na shida ne, da safe, mai takalmi ya ji faɗuwar gwangwanin mai. Ya leƙa ya gan shi zaune, baki ya karkace, yana ta ƙoƙarin ɗaukar sukundireba da hannun dama, hannun ya ƙi. Kafin a samu mota, kafin a fita cunkoso, kafin layin ɗaukar hoton kai ya zo kanmu, suka ce lokacin allurar da ke narkar da gudan ya wuce.

Ɓarin dama duk ya tafi, hannu da ƙafa. Magana babu. Yana haɗiyar abu mai ruwa in an ɗaga shi. Ido kuwa sarai, yana bin kowa da kallo.

Takardarki ta iso yana da kwana biyar a gado. Na karanta ni kaɗai a baranda, na ce ba zai ji ta ba. Ya hango ambulan a jakata, ya riƙe mini zane da hagu har sai da na zauna. Da na zo wurin gwiwa ya yi wani sauti, ban sani ba dariya ce ko kuka. Da na zo wurin sa hannu ya gyaɗa kai sau biyu. Wurin asibitoci uku kuwa sai ya juya fuska bango.

Ni na goya ki, ba zan ɓoye miki ba. Ban ce ke kika kayar da shi ba, taurin kansa ya girme ki. Amma mutumin nan ba ya jin maganar likita, ba ya jin tawa, taki yake ji. Kalma biyu kika rubuta ya ɗora ransa a kai. Sannan kika yi wata biyu da abu a cikinki, kina kirana kina tambayata gwiwata.

Likitarsa ta dawo. Ta ce aljihun yana nan, wani gudan zai iya tasowa, maganin kuma yanzu ya fi da haɗari. Tambayata ɗaya: abin naku, in an gama shi, yana da sauran amfani gare shi?

Innarki


2 ga Agusta

Inna,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Har na rubuta "ya gwiwa" na soke. Duk abin da kika faɗa haka ne.

Amsar tambayarki ita ce, marfin ba ya mai da abin da ya tafi, hana na gaba kawai yake yi. Kuma kafin ya iso inda kuke ba shekara biyu ba ce, ta fi haka nesa. Ban ga yadda zai riski Kawu ba. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara rubuto muku abin da ya fi gaskiya daɗi ba.

Na nuna hotonsa ga likitoci biyu da muke aiki tare, ko za a iya ɗinke aljihun ta hanyar tiyata. Dukansu sun ce jikinsa ba zai ɗauka ba.

Zane na tara ya shiga bututu, ya kuma kama nama. Farkon Oktoba za a kunna injin a gwada ƙugiyoyin kafin a koma sauran gwaje-gwajen, ni ce mai jera su a ruwa. Na nemi hutu, an ce in bari sai an kunna. Da an kunna zan taho. Ki karanta wa Kawu wannan layin: na zagaye gwiwar, yanzu ba kaifi a lanƙwasar ko kaɗan.

'Yarki


24 ga Agusta

'Yar nan,

Ina gaishe ki. An sallamo mu mako biyu da suka wuce. Mun dawo da gadonsa falo saboda matakala, kusa da taga. Ni ke juya shi, maƙwabciya na kama mini in za a yi wanka. Ya rame ƙwarai. Bayansa ya fara ciwo wuri ɗaya, muna sa magani.

An rufe shago. Teloli sun zo sun kwashe kekunansu, wasu a kwance, na zuba musu notuna a leda ban san na wane da wane ba. Mai takalmi ya kawo mini makulli ranar Lahadi, ya zauna kusa da shi awa guda, ya tashi.

Na karanta masa layin da kika ce. Kallona kawai ya yi. Shekaranjiya ya yi wani abu kamar suma, ido ya kafe na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Likita ta ce mai yiwuwa ƙaramin guda ne ya wuce. Tun ranar ba ya gane cokali sai na taɓa masa leɓe. Na tambaye ta abin da ya rage, ta ce ba a sani ba, amma in akwai na nesa a sanar da su.

Kalma ɗaya ta dawo masa. Mai koya masa magana ta yi murna da farko, daga baya ta ce haka ciwon yake yi, kalma ɗaya ta maƙale a baki, ba lallai ita yake nufi ba. "Tukuna." Za ka sha ruwa? Tukuna. A juya ka? Tukuna. Ko sallama aka yi, da ita yake amsawa.

Yau da safe ina shafa masa mai a hannu na ce, "In ce wa yarinyar nan ta taho?" Ya daɗe yana motsa baki har gumi ya karyo masa, na ga wata kalma yake nema. Sai ya ce, "Tukuna." Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye.

Kada ki bi ta tasa. Ki ba wani ya jera su. Ki taho.

Innarki